Gwaggo Harshe da Kofin Tofi

A gidan kek ɗin da ke bayan tashar mota kowa da aikinsa: wani fasa ƙwai, wani kula da tanda, wani ɗaure kaya. Ita kuwa da harshenta take neman abinci. Duk kwaɓin da za a zuba a gwangwani, duk kirim ɗin da za a shafa, sai ta lasa ta ce "ya yi" kafin ya wuce. Shi ya sa ma'aikata ke kiranta Gwaggo Harshe, har mai gidan ma, duk da ya girme ta.

Tun tana budurwa take riƙe da cokalin ɗanɗano, da shi ta rena 'yarta bayan rasuwar mijinta. Ciwon bai yi sallama ba. Ƙishirwa ce ta fara, sai zaryar banɗaki, sai zani ya fara yi mata yawa. Wata safiya ta koma ɗauko buta, ta tarar da tururuwa sun yi baƙi ƙirin a inda ta yi fitsari, suna ta rububi kamar an zubar da zuma. Ranar ta tafi asibiti, aka ce ciwon sukari ne.

Ba ta yi kuka ba, tsaki ta yi. Daga nan ta shiga neman sani kamar mai bin sawun ɓarawo. Ta addabi nas da tambaya. 'Yarta ta sayo mata na'urar awon jini, ta koyi huda yatsa da kanta, tana gwadawa bayan cin abinci har ta gane wane ne masoyi wane ne maƙiyi. Farar shinkafa da burodi, ta rage su zuwa ɗan dunƙule. Wake, kifi da ganye suka mamaye farantin. Ta daina hawa mota zuwa aiki, ƙafa take takawa. Kullum kafin ta sa takalmi sai ta duba tafin ƙafarta da madubi. Da wata maƙwabciya ta kawo mata ruwan magani a gorar lemo, kore shar yana warin kwata, wai yana wanke ciwon tas, sai ta karɓa da godiya, ta tuttular a magudana, ta sha ƙwayarta.

Saura aiki. Ta samo kofi mai murfi. Ta lasa, ta jujjuya a baki, ta tofar, ta kurkure. Kafin azahar kofin ya cika da wani abu mai yauƙi, ruwan ƙwai-ƙwai, da ita kanta sai ta kau da kai take zubarwa.

"Gwaggo, ki riƙa ajiye mini mana," in ji Dogo mai tanda. "In shayina ya yi salam sai in ɗan zuba."

"Allah wadaran bakinka, ɗan nema. Je ka duba tirenka, ƙauri nake ji."

Haka aka yi ta tafiya, har ranar da wata mata ta zo karɓar kek, ta leƙo ta ƙofar baya daidai lokacin da Gwaggo ke tofarwa. Matar ta yamutsa fuska, ta ajiye kwalin ta fice.

Mai gida ya kira ta ofis. Yana zaune, tumbi ya tokare tebur, kwalbar lemo a hannu.

"Gwaggo Harshe, kofin nan ya isa haka. Nan gidan abinci ne, ba ɗakin jinya ba."

"To in koma lungu, ranka ya daɗe, inda ba mai gani."

"Lungu ma ido gare shi. Lasa ce fa kawai! Yaushe lasa ta taɓa kashe mutum? Ko ki haɗiye kamar da, ko ki ba wani cokalin."

Ya kurɓi lemo, ya yi gyatsa.

Ta haɗiye. Kirim ɗin da ta yi shekaru tana yabawa yanzu ji take kamar kitse mai sanyi yana bin maƙogwaronta. Lasa ɗaya ba komai ba ce, amma wuni guda na lasa tulu ne. Awon jini ya fara hawa, idonta ya fara hazo, yatsun ƙafa suna mata zugi kamar ana soka allura. Ta san inda hanyar nan ta nufa, don ta yi jinyar yayanta da ya yi irin wannan ciwon. Ta tuna warin da ɗakinsa ya riƙa yi kafin a yanke ƙafar, warin da turare bai iya rufewa ba.

'Yarta ta ga lambar a na'ura, ta dafe kai. "Inna, wai ke kek ɗin mutane ya fi miki ƙafarki?"

Washegari Gwaggo ta wanke cokalin, ta goge, ta ajiye a gaban mai gida.

"Ga amanarka. In akwai aikin da ba na baki ba, ina so."

Akwai: wankin tire, can bayan gida kusa da bola, albashi kuma ya ragu. Cokalin ya koma hannun Dogo, har da rawarsa.

Yanzu can take wuni, hannu cikin ruwa mai maiƙo, tana kankare ƙonannen sukari da ya daskare baƙi kamar kwalta, ƙudaje na yi mata shawagi. Idon ya washe, zugin ya lafa. Ta taga tana hango Dogo yana lashe cokali gaba da baya, har da sanya yatsa.

"Kai Dogo," ta ƙwala masa kira, "ka dai je a auna jininka."

"Haba Gwaggo, hassada ce?" ya ce, baki cike.

Ta ja dogon tsaki, ta jawo wani tiren.