Daouda da Hanyar Lisbon zuwa Paris

A Damagaram aka haifi Daouda, a Greensboro ta Amurka furfura ta same shi, amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse a Turai aka yanke masa cibiya. Iyakar abin da ya sani na Turai shi ne wuni guda da ya yi a filin jirgin Paris yana jiran canji, shekarun baya da ya zo Amurka. Daga wannan wuni ya samo gyalen da yake naɗawa a wuya ko ana zafi, da ɗage hanci in ya zauna shan kofi a titin Elm bayan ya tashi daga garejin da yake wanke motoci. Matarsa Sakinatou ta daɗe da daina gyara masa zance. Kallonsa kawai take yi kamar rediyon da aka manta a kunne.

Da cikinta ya tsufa, aka shirya mahaifiyarta Hajiya Aissa ta taso daga Yamai don ta kula da ita a jego. Tsohuwar ba ta taɓa shiga jirgi ba, ba ta jin Faransanci, kuma a Paris za ta canja. Sakinatou ta roƙe shi ya sa kamfanin jirgi su ba ta mai rakiya. Ya ce wannan na marasa mutane ne, shi yana da abokinsa Abdoul-Aziz a Lisbon ta ƙasar Fotugal, wanda zai leƙa Paris ya kama hannun Hajiya.

Abdoul-Aziz ya gaya masa a waya cewa tsakanin Lisbon da Paris tafiyar awa biyu da rabi ce a sama, kuma ko ya je ba za a bar shi ya shiga wurin masu canjin jirgi ba. Daouda ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce.

"Malam, ka ji dai abin da ya ce," in ji Sakinatou.

"Ke me kika sani? Turai duk unguwa ɗaya ce. Kamar daga nan ne zuwa McLeansville, nan bayan gari."

Hajiya Aissa ta sauka a Paris, ta sami kujera ta zauna da ƙullin kanwa da yajin jego a cinya, tana duba fuskar duk baƙin mutum da ya wuce ko shi ne Abdoul-Aziz, amma bai zo ba. Jirginta ya tashi tana zaune. Da ma'aikata suka gano ta, kuka take yi, kalma ɗaya take maimaitawa, Yamai. Can suka mayar da ita, ta kuma ce ita da jirgi har abada.

Sakinatou ta haifi 'ya mace. Wata maƙwabciya ce ta riƙa dafa mata ruwan wanka kafin ta wuce aiki. Ranar suna Daouda ya tsaya a tsakiyar baƙi yana bayyana musu cewa mutanen Lisbon akwai lalaci. Sakinatou ta ɗauki jaririyar ta shige ɗaki, ta kira uwarta a waya.