Shamuwar Kara ta Kawu Jibo

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar bazara, 'yan shekaru kafin mu fara ganin Nasara a ƙasarmu. Ɗana ya yi lissafi ya ce wajen 1896 ke nan, ni dai abin da na riƙe shi ne haƙorana na gaba ba su daɗe da sake fitowa ba. Na kai wa kawuna Jibo fura a zaurensa, na tarar da shi kishingiɗe a kan tabarma, ƙafarsa ta dama a miƙe, an naɗe kan kurkunu a jikin ɗan tsinke. Bai ko dubi ƙwaryar ba. Ya jawo wata fatar akuya da aka jeme ta yi laushi, ya shimfiɗa a gabana, ya danne bakunanta da wuƙa da basilla da takalminsa. A jikin fatar an zana tsuntsuwa da baƙin ruwan da dukawa ke zane da shi, fukafukanta a buɗe, wuyanta a miƙe, an kuma ratsa ta da ƙananan zane tsaye da kwance kamar saƙar asabari. Ya ce, "Mati, wagga shamuwa ce. Ni na zana, ku za ku gina, in Allah ya yarda kuma sai ta tashi."

Kawu Jibo baduku ne, ƙanen mahaifiyata wadda ta rasu tun ba a yaye ni ba. Mutane sun ce dariyarsu iri ɗaya ce, shi ya sa nake son zama kusa da shi in ji yana yi. Daminar da ta wuce iska ta kayar da wata shamuwa daga tsamiyar bakin kasuwa, ta mutu. Kowa ya kauce mata, domin a wurinmu ba a taɓa shamuwa, ita ke zuwa da labarin ruwa. Shi kuwa ya durƙusa ya buɗe fukafukanta ya auna su gaɓa gaɓa, sannan ya haƙa rami ya rufe ta. Da kurkunu ya kwantar da shi wata biyu ba ya iya zuwa kasuwa, sai ya mai da awon nan kan fata. Madarumfa a lokacin ƙaramin gari ne cikin shingen ƙaya, ba a yin nisa saboda mahara, don haka babu abin da mutum zai yi a ɓoye. Nan da nan aka fara cewa ciwon ƙafar Jibo ya hau masa kai. Babana manomi ne da ba ya son ganin hannu zaune, kuma tun farko bai ji daɗin yawan zuwana zauren ba.

Ƙa'idar zanen ba ta da wuya. Kowane ɗan gidan da zanen tsaye da kwance ya fitar a jikin fatar faɗin yatsa ne, a wurin gini kuma ya zama taƙi guda, wato daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya idan an buɗe hannu. Kowane fiffike taƙi shida ne a tsawo, biyu a faɗi, jiki kuma taƙi bakwai daga baki zuwa wutsiya, har ta kusa ninka shamuwar gaskiya. Aikin ya fi ƙarfina ni kaɗai, sai na jawo abokina Nomau, wanda ya girme ni da shekara huɗu. Gidansu masunta ne, ba su salla, suna bin al'adar kakanninsu, amma tare muke kiwon awaki, tare muke langa da harbin kurciya. Da safe in na gama share turken jaki na kai awaki bakin tabki, sai mu bi gonakin da ke kusa da gari muna tsintar karan dawa da ya rage daga kaka. Kawu ya ce mu zaɓi miƙaƙƙe wanda gara ba ta taɓa ba. Masu kauri su ne ƙashin baya da ƙashin fiffike, sillen sama kuma haƙarƙari. Muka koyi fere ɓawon kara mu jiƙa shi a ruwa har ya lanƙwasu, muka tara ƙayar aduwa ta soke mahaɗa, muka ɓamɓaro ƙaro daga itatuwa muka narka a kasko. Zare kuwa daga mazarin kakata nake samu, in na tsince mata 'ya'yan auduga ta ba ni ɗan ƙulli.

Saura abin rufe fukafukai. Tabarma ta yi nauyi, ganye kuma ya bushe ya karye. Kawu ya sa na sauko masa da wani kwando daga rataya, ya fito da baƙin rawaninsa, shi kaɗai yake da shi, da shi yake zuwa idi. Ya tsufa har ana ganin haske ta cikinsa. Ya ninka shi biyu ya sa wuƙa ya raba, ya miƙo mini rabi. Na ce, "Kawu, in salla ta zo fa?" Ya ce, "Allah ya san kaina ko ba rawani. Ɗauki."

Da yake Baba ba ya son tarkace a gida, kuma muna so mu ba Kawu mamaki, sai muka raba aiki muka ɓoye. Ni na gina fiffiken hagu a bayan rumbunmu, Nomau ya gina na dama a bakin tabki inda yake gadin kifin da aka shanya. Kwana tara muka yi. Na soke, na ɗaure, na shimfiɗa ƙyallen na shafa masa ruwan ƙaro, da ya bushe ya ɗame yana ƙara kamar fatar ganga in an taɓa. Ranar da muka haɗa su a jikin ƙashin baya sai muka ga na Nomau ya fi nawa tsawo da kusan taƙi ɗaya da rabi. Ya ce ban iya ƙidaya ba, na ce shi ne ya yi haɗama. Na aza hannuna na auna nawa a gabansa, shida cif. Ya aza nasa ya auna nasa, shida cif. Muka zauna muna kallon juna. Daga ƙarshe Nomau ya ce tunda babu wanda ya yi kuskure, to haka zanen yake so, wataƙila ma duk shamuwa haka take, don dai tana sama ne ba a lura. Maganar ta shiga kaina sosai.

Akwai wata babbar kuka a bakin tabki wadda masu ɗibar zuma suka kafa wa turaku. Da hantsi, lokacin da mata ke wanki da ɗibar ruwa, Nomau ya hau, na ɗaura masa shamuwar ya jawo ta da igiya. Yaran gari suka taru. Ya ɗaga ta sama da kansa ya wurga da dukan ƙarfinsa. Ko taki ɗaya ba ta yi gaba ba. Ta karkata hagu, ta shiga juyi kamar mazari, ta sauko ta soka baki cikin taɓo kusa da wata tsohuwa mai wankin ƙore. Tsohuwar ta dubi karan da suka watse, ta dube mu, ta ce, "In wagga ce za ta kawo muna ruwa bana, sai mu fara neman ganyen ci." Aka yi ta dariya har masu kamun kifi suka juyo daga cikin ruwa.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba bai doke ni ba, da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Yana gyaran ƙotar hauya, bai ɗago kai ba ya ce an mai da ɗansa abin dariya a bakin ruwa, kuma Jibo yana koya mini zaman banza. Ya ce in yi abin da zan yi kafin ruwan shuka. Ranar da ruwa ya sauka, in abin nan bai tashi ba, na gama zuwa zauren Jibo, ko fura ce wani zai kai. Na san Baba ba ya magana biyu.

Washegari muka kwashi ɓaraguzan muka kai wa Kawu, kanmu a ƙasa. Ya jera fukafukan biyu ya daɗe yana kallo. Ya sa kowa ya sake aunawa, kowa ya sami shida. Sai ya kamo hannuna ya kamo na Nomau, ya haɗa tafi da tafi. Yatsun Nomau suka zarce nawa da gaɓa guda da wani abu. Kawu ya fashe da dariyar nan tasa har ya manta da ƙafa ya motsa ta, ya yi ƙara, ya koma dariya. Ya ce, "Ku biyu kun yi gaskiya, tsuntsuwa ta mutu a tsakaninku. Laifina ne, na ce taƙi ban ce taƙin wa ba." Ya ɗauki sille ɗaya ya aza hannunsa ya yanke daidai taƙinsa, ya naɗa masa jar fata a kai don kada ya ɓace cikin sauran kara. Ya ce daga yau da wannan za a auna kome, domin shi ba ya cin tuwo balle ya girma. Sannan ya jawo ragowar rawanin ya ajiye a gabanmu. Mun san babu na uku.

Wannan karon a zauren muka yi aikin, a gaban idonsa. Kowane haƙarƙari sai an yanke shi tare da ɗan'uwansa na ɗaya gefen, a jera su a gani. Ya nuna mana yadda za mu ɗan ɗaga bakin fukafukan sama kamar yadda shamuwa ke yi in tana shawagi. Ya sa muka yi kan da ƙwallon goruba, yana ɗaga ta a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fukafukai, yana cewa a matsa wuyan gaba kaɗan, a mayar baya kaɗan, har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. Kakata, wadda ke cewa ba ruwanta, ta zo da allurarta ta ɗinke mana bakin ƙyallen. Ana haka zafi ya tsananta, iska ta juya, gajimare ya fara taruwa da yamma yana watsewa. Shamuwoyin gaskiya suka iso suka sauka kan tsamiyar kasuwa, Baba ya sauko da irin gero daga rumbu. Kullum da safe abin da nake fara dubawa shi ne gabas.

A rana ta goma sha ɗaya muka gama. Aka ɗora Kawu a kan jaki, ƙafarsa na reto, aka kai shi bakin tabki. Mutane sun fi na farko yawa, domin wanda ya rasa dariyar farko ba ya so ya rasa ta biyu. Na hango Baba can nesa da igiya a hannu, wai yana neman akuyarsa. Kawu ya ce ni zan hau, Nomau yana da garaje. Ya ce kada in jefa ta, in fuskanci tabki in jira har iska ta taɓa mini fuska, sannan in tura ta a hankali in buɗe hannu. Na hau kukar, Nomau ya biyo ni ya riƙe mini ƙugu. Iska ta ɗauke. Na jira. Yara suka fara ihu wai tsoro nake ji, tsohuwar nan ta ce ko ƙwai shamuwar za ta saka a can. Hannuwana suka gaji, gumi ya shiga idona, ban motsa ba. Sai na ga fuskar ruwa ta yi yamutsi daga nesa tana tahowa, sanyi ya taɓa goshina, ƙyallen ya cika ya yi ɗan kuka. Na buɗe hannu.

Ta ɗan sunkuya kamar za ta faɗi, sannan ta ɗago ƙirji ta miƙe. Ta wuce kan masu wanki, inuwarta na bin ƙasa, ta wuce wurin da ake shanya kifi, ta bi saman ruwa shiru, fukafukanta ko girgiza ba su yi. Kajin da ke bakin tabki suka watse suna neman mafaka, sun ɗauka shaho ne. Daga ƙarshe ta sauka can cikin tabki, a hankali, kamar mai gudun tashin wani daga barci. Sannan wuri ya ɓarke. Mata suka yi guɗa, Nomau ya girgiza ni har muka kusa faɗowa, Kawu kuwa yana kan jaki yana dariya hawaye na bin gemunsa. Baban Nomau ya hau babbar gorar da yake shiga ruwa da ita kamun kifi, ya je ya ɗauko ta. Ƙaro ya narke, shuni ya zuba, rawani ya gama yawo.

Da na sauko na tarar da Baba tsaye kusa da jakin. Sillen awon nan mai jar fata yana hannunsa, ya aza nasa taƙin a kai, ya ga sun bambanta, ya gyaɗa kai ya mayar wa Kawu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Jibo, ka sa yaro ya kusa karya wuya." Kawu ya ce, "Ka ga akuyar taka?" Baba ya juya ya tafi. Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka muka fita shuka. Da muka dawo da azahar, Baba ya miƙo mini ƙwaryar fura, a kan faifan kuma ga tsohon farin rawaninsa a naɗe. Ya ce, "Kai wa kawunka, kada ka daɗe." Na daɗe, bai kuma yi mini faɗa ba.

Yanzu furfura ta fara mini, Kawu da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, shingen ƙaya ya tafi, gonaki sun kai inda da ba mu isa mu taka ba. Ɗana da ya yi lakwal, makarantar Nasara, shi ke koya mini boko da la'asar, ina jan baƙaƙe a hankali kamar yadda na taɓa jera sille. Kwanan baya ya buɗe mini wani littafi mai zanen jirgin sama, irin wanda ke wucewa ta kanmu jefi-jefi yara na bin sa da gudu. An zana shi fukafukai a buɗe, an ratsa shi da zane tsaye da kwance, an rubuta awo a gefe. Ya fara yi mini bayanin abin da ake kira metir, wai awo ne guda da kowa ke bi. Na bar shi ya gama, don yana jin daɗin koyarwa. Amma idona na kan takardar, hancina kuwa ƙanshin jemammiyar fata yake ji. Har yau in na buɗe hannuna na auna wani abu, sai in ji kamar Kawu zai tambaye ni taƙin wa.