Shanyar Kuɓewa a Bakin Kwalta

Mu matan bakin hanyar Mamudo, tun da aka zuba kwalta muka samu wurin shanya. Kuɓewa, barkono, gero, duk a gefen titi muke bazawa, mu jera duwatsu kada mota ta hau. Ba ƙasa, ba tsakuwa, rana ɗaya ta busar. Ta nan kuma yara ke bi da kekuna zuwa makaranta. Ban taɓa haɗa biyun a raina ba.

Jikana, wanda nake tsokana da angona, ni na koya masa ba a taka abinci. Tun yana rarrafe nake faɗa masa.

Wata Laraba, ranar kasuwar shanu, ya taho a kekensa ya tarar da kuɓewata a shimfiɗe. Bai taka ba. Ya kauce ya hau tsakiyar titi, motar shanu ta goge shi. Da sauran shan ruwa, ƙafa ce ta karye. Ubansa ya rataye keken a zaure, ya ce makaranta ta ƙare sai hanya ta gyaru.

Na ɗauki mayafi, na tara mata, muka je wurin mai unguwa. Na zagi direbobi son raina, na ce a ware wa yara gefensu. Ya bari na gama, sannan ya ce gefen ai yana nan, shanya ce ta cinye shi. Ya tambaya ko mun san ta wace ce ran nan. Kowa ta sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar.

Da na dawo na zauna bakin tabarmar yaron.

"Ango, me ya hana ka faɗa wa babanka?"

"Kaka, wa ya taɓa kai amaryarsa ƙara?"

Washegari na faɗa wa ubansa da bakina cewa shanyar tawa ce. Daga nan na bi gida-gida, ina fara da laifina kafin roƙo. Wasu suka mayar da shanya tsakar gida. Wasu suka ce kaji za su cinye, har yau ba su daina shanya a titi ba. Duwatsuna da hannuna na kwashe, kullum da safe kuma ina share gefen.

Keken ya sauko bayan babbar Sallah. In yaron ya sauka yana ɗan ɗingishi, ni kuwa ba na iya ɗauke ido. Kuɓewata yanzu kwana uku take yi a tsakar gida, da ƙasa a ciki. Yana ci yana mita.