Kunun da ya hana Hajiya taka Afirka

Akwai abubuwa da yawa da tsufa ya share mini daga kai, har lambar bas ɗin da nake hawa zuwa masallaci wani lokaci sai na tambaya. Amma tafiyar da muka yi a jirgin ruwa ni da matata Hajiya, wannan kam ba zan taɓa mantawa ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don duk ranar da aka dama kunu a gidanmu na unguwar Camberwell a London sai an tuna mini.

Ni dai ba ɗan boko ba ne. A firamare malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Wankin bas na yi a London har na yi ritaya. Hajiya kuwa ta daɗe rabonta da gida. Da farko takardu ne suka riƙe ta, kullum muna hanyar ofishin shige da fice na Croydon. Da takardun suka fito kuma sai likita ya hana ta hawan jirgin sama, wai jini yana daskarewa a ƙafarta. Har mahaifiyarta ta rasu ba ta je ba. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ni dai in taka ƙasar Afirka da ƙafata kafin in mutu, ko da ba ta garinmu ba ce."

'Yarmu da ke aikin nas ita ta samo dabara. Ta yi mana booking a wani ƙaton jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, wanda zai tashi daga Southampton, ya bi ta Sifen, ya tsaya wuni guda tak a Maroko. Da ta kai mu tasha sai ta riƙe hannuna ta ce, "Daddy, wash your hands, kuma don Allah no wahala." Na ce, "Ke, yaushe na taɓa jawo wa wani wahala?" Ita da uwarta suka kalli juna.

Jirgin nan unguwa guda ce aka ɗora a kan ruwa, da lif, da kantuna, da wurin wanka inda tsofaffin Turawa ke shanya kansu kamar kilishi. Aka ɗaura wa kowa wani abu a hannu, kamar agogo amma ba ya nuna lokaci. Shi ke buɗe maka ƙofa, shi kuma ke gaya wa masu jirgi inda kake. Alƙibla ma sai ka yi da gaske: ka tayar da salla tana gabanka, kafin ka yi sallama matuƙin ya mayar da ita bayan kunnenka.

A wurin cin abinci na yi aboki. Ina leƙa wani nama ina gunaguni, "Wannan ko alade ne?" sai na ji an ce a bayana, "Ba alade ba ne, amma kar ka ci." Wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, mai sayar da turare a kasuwar Whitechapel. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka sa shi a jirgi shi kaɗai wai ya huta. Tun daga nan teburinmu ɗaya. Da Hausarsu ta zango yana ce wa Hajiya "uwargida ya ci abinci?" tana dariya har da hawaye.

Ana cikin haka sai matuƙin jirgin ya yi sanarwa cewa cutar amai da gudawa ta ɓulla. Nan take komai ya canza. Aka hana kowa ɗiban abinci da kansa, aka hana musabaha. A kowace ƙofa an tsayar da yarinya tana murmushi tana nuna maka famfo. Ni da nake alwala sau biyar a rana, ni wata wadda ba ta kai jikata ba za ta koya wa wanke hannu. Na wanke, na shiga, na fito neman barkono, na dawo ta ce in sake. Na ce mata da Hausa, "Sai fatar ta saluɓe tukuna?" Ta ce, "Thank you, sir."

Washegari ba mu ga mutumin Kumasi a tebur ba. Na buga wayar ɗakinsa, murya ta fito kamar daga cikin rijiya. Ya ce, "Ɗan'uwa, sun kulle ni. Abinci ma a ƙofa suke ajiyewa, su ƙwanƙwasa su gudu."

Abin ya tsaya mini a rai. Tun ina yaro ban taɓa ganin an bar marar lafiya shi kaɗai da bango ba. Ana zuwa dubiya, a zauna, a ce sannu, a kai masa abu mai ɗumi. Mutum ba mata, ba ɗa, a tsakiyar teku. Hajiya ta karanci fuskata ta ce, "Malam, ka gaishe shi ta waya, ka yi masa addu'a. Jibi ne Maroko." Na ce, "To, ai shi ke nan."

Tana hawa sama shan iska na buɗe akwati. Dama na ɓoyo garin kunu da tsamiya da na sayo a shagunan 'yan Afirka na Peckham. Na dama a butar shayin ɗaki, na zuba a filas. Sannan na yi abin da a lokacin na ɗauka ko injiniyan da ya ƙera jirgin bai kai ni wayo ba: na cire abin hannun nan na rataye shi a jikin famfo, don na'urarsu ta ɗauka ina banɗaki. Na tokare ƙofa da takalmi don kar ta kulle, na fice.

Da mutumin Kumasi ya buɗe ƙofarsa ya gan ni sai da ya yi ƙwalla. Muka yi musabaha hannu bibbiyu. Na zauna a bakin gadonsa, na zuba masa kunu, ya kurɓa ya ce da zafi, na karɓi kofin na kurɓa na ce, "Ina zafin yake? Sha." Ku duba fa. Kofi ɗaya.

Na koma ɗaki babu wanda ya gan ni, ina jin kaina. Na'ura kam ban san me ta gani ba. Abokin nawa ne ya gama da ni. Da nas ta je duba shi ta tambaye shi ko ya haɗu da wani, sai bawan Allah ya gyara zama ya fara yabona. Ya ce duk jirgin nan mutum ɗaya ne mai imani, ya faɗi kamannina, ya faɗi lambar ɗakina, har ya nuna mata filas ɗina da na manta a can. Shi a ganinsa lambar yabo za su ba ni.

Ma'aikatan jirgi suka zo su biyu da safar hannu da takunkumi. Suka ce ni da duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ni ba fita har sai sun ba da izini. Na fara yi musu bayanin haƙƙin marar lafiya da guntun Turancina na gareji. Hajiya ta ce, "Malam, yi shiru." Ban taɓa jin ta faɗe shi da sanyi haka ba. Kafin magariba kuwa cikina ya fara kiɗa. Banɗakin jirgi wani irin abu ne, in ka danna sai ya yi ƙara kamar zai zuƙe ka har da hula. Ni da shi muka saba sosai.

Ranar Maroko na farka na ga Hajiya a barandar ɗaki. Ta sa leshin da ta ɗinka musamman don wannan rana, da sabon takalmi, lafiyarta ƙalau, tana kallon fararen gidaje da hasumiyar masallaci. A ƙasa kuwa Turawa ne ke ta sauka da gajeren wando. Da azahar kiran salla ya tsallako ruwa ya same mu. Ko waiwayo ni ba ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wani abin haushin kuma, mutumin Kumasi ya warware, an sake shi a safiyar. Na hango shi daga sama yana tafe da hularsa yana ɗago mana hannu.

Da yamma waya ta yi ƙara. Shi ne. Ya ce, "Ɗan'uwa, na ji labarin jikinka. Ina zuwa dubiya." Hajiya ta fizge wayar ta ce, "Alhaji, in ka taka ƙofar nan, ni da kai ne." Ya ce to, a duba bakin ƙofa dai, ya ajiye saƙo, ya ƙwanƙwasa ya gudu kamar yadda aka koya masa.

Robar abinci ce cike da jar ƙasar Maroko, da dabino a leda. Hajiya ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta juye ƙasar a farantin shayi, ta cire sabon takalmin, ta ɗora ƙafar dama, ta ɗora ta hagu, ta rufe ido tana motsa baki. Ina kwance na ce, "To alhamdu lillahi, ai kin taka." Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Shi ya kawo mini. Kai kunu ka kai."

Ƙasar nan tana tagar flat ɗinmu har yau, ta shuka na'ana'a a ciki, kuma an hana ni tsinka. Ni dai abin da na koya shi ne, kafin ka tashi yin zumunci ka fara waiwayawa ka ga wa zai biya kuɗinsa da burinsa. Har yanzu ina zuwa dubiya, ban daina ba. Amma sai na tambayi Hajiya, kuma kowa da kofinsa.