Ranar da Ɗan Damagaram Ya Yi Shiru a Waya

Ni ba mai riƙe abu a kai ba ce, ko abin da na ci jiya sai na yi tunani kafin na tuna. Amma akwai wata Lahadi a gidanmu na unguwar Tremont a Bronx da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da zan tsufa na fara rikita sunayen 'ya'yana. Har yau idan na shiga mota direba ya kunna sigina ya daɗe bai kashe ba, sai tsigar jikina ta tashi.

A lokacin ban daɗe da zuwa New York ba. Na gama sakandare a Kano, Baba ya ɗauko mu, na sami aiki a wani shagon kayan kwalliya a Fordham. Baba tasi yake ja, kuma yana da wani amini, shi ma direba, mutumin Damagaram, da muke kira Kawu. Wanda ya san Bakano da Badamagare ya san ba sa haɗuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba. To su biyun nan sai suka ɗora tsiyar tasu a kan ƙwallon Amurka, wannan da ƙattai ke sa hular kwano suna karo da juna kamar raguna. Musunsu ɗaya ne kullum: a cikin masu gudu da ƙwallo, waɗanda ake danƙa wa ita a ciki su ratsa mutane, wa ya fi kowa lokacin da yake cikin ganiyarsa?

Ba sa kiran 'yan wasan da sunayensu, laƙabi suka sa musu. Na Baba shi ne Bijimi, wani na zamanin da, wanda ba ya kauce wa kowa, bi ta kan mutum yake yi. Baba bai taɓa ganin sa yana wasa ba sai a tsofaffin hotuna marasa kala a waya, amma ka rantse tare suka yi makarantar allo. Na Kawu kuwa Zilliya ne, wani gajere da Kawu ya kalla da idonsa a talabijin shekarun da ya zo ƙasar yana wanke-wanke a gidan abinci. Ya ce mutum biyar za su rufe shi, sai ka ga sun rungume iska. Kawu kan ce shi da Zilliya sana'arsu ɗaya, don shi ma haka yake ratsa cunkoson Manhattan.

Akwai wata ɗabi'a ta direbobinmu da sai wanda ya zauna da su ya sani. Suna maƙala ɗan abin magana a kunne, su kira juna tun safe, su bar layin a buɗe har yamma. Idan fasinja ya shiga, sai mutum ya yi gum, ɗayan ma ba zai tambaya ba. Fasinja ya sauka, a ci gaba daga inda aka tsaya. Shiru a wayarsu ba komai ba ne, aiki ne kawai. Wannan ɗabi'ar ce ta kusa kashe Kawu.

Ranar Baba bai fita ba, yana hutu. Mama tana wurin aikinta na kula da wata tsohuwa, don haka girki da kai abinci duk a kaina. Maƙwabcinmu, wani Alhaji ɗan zangon Kumasi, ya shigo kallon wasa. Kawu yana kan hanya yana aiki, sai Baba ya sa wayar a sifika ya ajiye a tebur tsakanin kwanuka, kamar shi ma an zuba masa nasa. Ni kuma ƙawata ake wa lalle a University Heights, na yi wanka na shirya, jira kawai nake su cinye na wanke na fice. Haushinsu nake ji kamar na fashe.

Da farko ina jin muryar Kawu daga kicin, yana ta zuba da ɗan Faransancinsa na 'yan Nijar. "Bon, Bakano, kai dai ka ci tuwonka. Bijiminka da zamanin da ake tare mutum da tumbi ya yi wasa."

Baba ya ce, "Ji Badamagare! Naka da rabin gudunsa baya-baya yake yi?"

Alhaji yana dariya yana cewa, "Ei, ku mutanen nan ba ku gajiya."

Can sai na daina jin Kawu. Ban damu ba, na ce fasinja ne. Baba ya ci gaba shi kaɗai, yana jera hujjoji yana buga tebur, yana juyawa ga wayar yana cewa, "Ka ji ko? Ka yi shiru ko? Ai dama gaskiya ɗaci gare ta a bakin Badamagare." Aka tafi hutun rabin lokaci, aka dawo, Kawu bai ce uffan ba. Alhaji ya ce wataƙila fasinjan filin jirgi ya samu. Baba ya ce a'a, kaye ya sha, kunya ce ta hana shi magana.

Na zo kwashe kwanuka. Na ga batirin wayar ya yi ja, na kai hannu zan kashe ta, don ni a ganina ɓata wuta kawai ake yi. Yatsana yana kan wayar na ji wani abu. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. A hankali, ba ya sauri ba ya tsayawa. Sigina ce. Sai na tuna tun da na shigo ƙara musu miya nake jin wannan ƙarar, na ɗauka agogon bango ne. Wace irin kwana ce mutum zai yi ta shirin yi tun kafin la'asar bai yi ba? A ƙarƙashin ƙarar kuma akwai numfashi, mai nauyi, mai ɗan gurnani, kamar na wanda ya yi barci da baki a buɗe.

Na ce, "Baba, a rage talabijin."

Ya ce, "Ke, ana wasa."

Na ɗauki rimot na kashe gaba ɗaya. Baba ya zaro ido, amma kafin ya buɗe baki na sunkuya kan wayar na ce, "Kawu? Kawu, kana ji na?" Ba amsa. Ƙas, ƙas, ƙas. Alhaji ya ce in bar bawan Allah, fasinja gare shi.

Ni na san abu ɗaya da ko gwamna Kawu ya ɗauko ba zai iya haɗiyewa ba. Zilliya ya bar wasa ne yana da sauran ƙarfinsa, kuma duk wanda ya kira wannan tsoro, to ya taɓo Kawu. Na ɗaga murya na ce, "Kawu, Zilliyanka matsoraci ne. Gudu ya yi ya bar fili don ya ga ba zai ci kofi ba."

Sai muryar Kawu ta fito, tar da ita, a natse, kamar yana zaune a kujerar da ke kusa da ni.

"Ɗiyata, ba gudu ya yi ba. Ya san lokacin tsayawa ne."

Baba da Alhaji suka tuntsire da dariya. Baba ya ce, "To kin gani? Ga shi nan garau, an taɓo masa gwani ya farfaɗo." Ni kuwa abu biyu suka hana ni dariya. Na farko, Kawu bai taɓa ce mini ɗiyata ba, Uwar Gaggawa yake kira na tun ranar da na sauka a ƙasar. Na biyu, wanda har yau ba na son tunawa, lokacin da muryar take magana, numfashin nan mai gurnani bai tsaya ba. Yana tafiya a ƙarƙashin maganar, shiga da fita, kamar mutum biyu ne a motar. Ku gwada da kanku, ba a jan numfashi ana magana a lokaci guda.

Na ce, "Baba, ka tambaye shi inda yake."

Baba yana sauran dariya ya ce, "Kai Badamagare, kana ina?" Shiru. Ya sake. Ya kira shi da sunansa na yanka, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Shiru, sai sigina. Na ga dariyar ta bushe a fuskar Baba.

Na ce a kira motar asibiti. Baba ya ce a tura ta ina, Bronx gaba ɗaya? Muka kasa kunne mu uku a kan wayar. Can sai muka ji rugugin jirgin ƙasa yana wucewa ta sama, ƙarafa suna kuka, bayan ya wuce kuma ga kiɗan 'yan Dominika da ƙarar injin kwance taya. Baba ya miƙe ya ce titin Jerome ne, ƙarƙashin gadar jirgi, wajen masu faci, nan yake bi in zai je sallar la'asar. Sai dai masu faci a wannan titin sun fi a ƙirga.

Da kayan lallen a jikina na shiga gaban mota, na soka wayar a caja, na riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwai. Tsorona ɗaya kada layin ya yanke, don in ya yanke babu mai ɗaga mana. Alhaji yana baya yana ta salati. Muka shiga ƙarƙashin gadar, wurin da ko da rana tsaka duhu-duhu ne, hasken yana saukowa yanka-yanka ta tsakanin ƙarafa. Motoci baƙaƙe irin ta Kawu a jere hagu da dama, duk iri ɗaya.

Baba ya fara danna hon, irin na 'yan Kano, gajere biyu dogo ɗaya. Ya ɗan yi gaba ya sake. Mutane suna zagin mu da Sifaniyanci, bai kula ba. Ni na manna wayar a kunne. Mun wuce layi da yawa ba komai, sai sigina da numfashi, numfashin ma yana ƙara ja da baya. Sai can, kamar daga cikin rijiya, na ji hon ɗinmu ya fito ta cikin wayar. Na ce, "Sake!" Ya sake, ya fito da ƙarfi fiye da na farko. Ban taɓa jin abu mai ban tsoro da daɗi lokaci guda irin wannan ba, kana jin kanka kana matsowa kusa da kanka.

Ga motar a gefen titi, a fake tsaf, ba ta taɓa komai ba, fitilar dama tana ƙiftawa. Kawu yana zaune, kansa ya karkata jikin gilashi, bakinsa ya koma gefe ɗaya, yawu ya jiƙa masa wuyan riga. Idonsa a buɗe, yana kallon mu. Baba ya buɗe ƙofa ya rungume shi yana cewa, "Kai, kai, ɗan'uwana," Alhaji ya kira motar asibiti. Ni ce na zura hannu na kashe siginar. Mai facin da ke wurin ya ce motar ta daɗe a nan, ya ɗauka barci direban yake yi.

Shanyewar ɓarin jiki ce. A asibiti suka ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Suka kuma ce abin ya taɓa wurin magana a ƙwaƙwalwa tun farkon bugunsa. Baba ya ce musu ai ya yi mana magana a waya, jimla guda cikakkiya. Likitar ta dube shi da tausayi, ta ce mutane a cikin firgici sukan ji abin da suke son ji. To amma mu ba a firgice muke ba a lokacin, su dariya ma suke yi, kuma mu uku ne muka ji.

Kawu ya rayu, amma maganar ba ta dawo ba. Da ya sami sauƙi Baba kan ɗauko shi ranar Lahadi, a zaunar da shi gaban talabijin, Baba ya yabi Bijimi, shi kuma ya daki hannun kujera da hannunsa mai lafiya har sai Baba ya yi shiru. Wata rana da muka rage mu biyu, na tsuguna a gabansa na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, kai ka yi maganar nan?" Ya dube ni. Sai ya girgiza kai a hankali, hawaye ya zubo ta ido ɗaya. Ban sake tambayarsa ba, kuma ban nemi fassara a wurin kowa ba. Allah Shi ya san wanda ya ara masa baki a ranar.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne, idan mai surutu ya yi shiru, kada ka yi murnar ka kayar da shi, tashi ka duba shi. Har gobe ba ni da haƙuri, waya ma ba na son a ja ni da ita. Amma duk wanda nake magana da shi ya yi gum, ba na kashewa sai na kira sunansa ya amsa.