Gadona a ƙasan jirgi

A shekarun soja wasu ma'aikatan kiwon kifi suka kawo ɗan jirgin ruwa tabkin garinmu, can wajen Urafane. Jikinsa farar roba ce mai tauri, amma daɓensa da haƙarƙarin da ke ƙarƙashi katako ne. Suka ɗauki maigidana gadinsa, ana ba shi dawa duk wata. Daga nan fari ya zo, tabkin ya ƙafe, jirgin ya zauna a kan busasshiyar laka.

Mu mutanen tudu ne, abin da muka gani kwami ne babba. Aka ja shi bakin rijiya ana shayar da awaki a ciki, har katakon ya ruɓe, yana marmashewa a hannu kamar tsohon ƙuli-ƙuli.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Tasawa cewa kumandan, sojan da ke mulkin yankinmu, zai zo duba kayan gwamnati. In ya tarar da ɓarna, dawar ta yanke, kuma a lokacin ita kaɗai muke ci. Sare itace laifi ne, katako kuwa babu shi a kasuwarmu. Maigida ya shigo ɗakina ya tsaya yana kallon gadon da mahaifiyata ta yi mini na aure.

Na ce, “Malam, mi kake kallo?”

Ya ce, “Ki yi haƙuri. In sunka tahi, ni maido maki abinki.”

Na naɗe tabarmata na ba shi wuri. Ya kankare ruɓaɓɓen katakon da gizago, ya bar jirgin ya sha rana, ya yanke dogayen katakan gefen gadon ya yi haƙarƙari da su, ya shimfiɗa sauran a sama ya buga ƙusa. Mutumin da ko kujera bai taɓa gyara mini ba, sai ga shi ya yi aiki mai kyau. Wannan ma ya ba ni haushi.

Kumandan ya zo, ya hau daɓen da takalminsa ya buga ƙafa. Ya yaba ƙwarai, ya ce jirgi mai lafiya haka bai kamata ya zauna inda babu ruwa ba. Sojoji suka ɗora shi a kamiyo, babbar motar kaya, za a kai shi kogi. Da babu abin gadi, dawar ma ta tsaya.

Maigida ya bi motar har bayan gari. Ni ban fita ba. A ƙasa na haifi autana, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.