Randar da Lurwanu Ya Sa Aka Gina

Ranar Lahadi, tara ga watan Maris na 1986, Lurwanu ya dawo daga masallaci da ƙarfe shida saura kwata, ya zarce shagonsa da ke kusurwar gida. Mahaifinsa Inuwa, wanda ake ce wa Mushe, wato malamin boko, ya ji ƙarar ƙyauren kwano ya dubi agogo. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a Madawa, duba agogo ya zame masa jiki.

Shagon ba na neman abinci ba ne. Lurwanu malamin lakwal ne, makarantar boko, shekararsa ashirin da bakwai, sassaƙa kuwa so ne kawai. Tun yana ƙarami haka yake. Ya taɓa yini da faifai a hannu don ya gano abin da ke sa tsakuwa ta rabu da gero. Da ya fara albashi ya sayi tsohon injin ban-ruwa wurin wani manomin albasa, ya ɗaura masa bel, ya zama shi ke juya zarto da faifan goge katako.

Daga nan ƙura ta shigo gidan. Manyan ɓarɓashi a ƙasa suke zuba, amma mai laushin nan kamar garin lalle takan bi iska ta sauka kan fura, ta sauka a ƙirjin mahaifiyarsa Yalwa, wadda ke fama da fuka. Sai Mushe Inuwa ya yanke hukunci. Za a ajiye farin faranti a bakin ƙofarta, inji ya yi awa guda yana aiki. In ya iya rubutu da yatsa a kan farantin, shago zai bar gidan kafin azumi.

Ƙarfe bakwai suka sha koko. Ƙarfe takwas Lurwanu ya kira uban ya ga abin da ya haɗa. Fanka ce irin ta maƙera tana zuƙo iska ta tiyo, iskar ta bi ta cikin wata randa mai tsukakken gindi da aka huda, randar kuma tana zaune a bakin tano, wato gangar ƙarfe. Nufinsa ƙura ta faɗa tanon, iska ta fita ta sama ita kaɗai. Na farkon da gwangwanayen mai ya yi shi, da fanka ta ja sai ya lotse kamar kumatun tsohuwa. Shi ya sa ya je wurin Gogo maginiya, tunda yumɓu ba ya lotsewa.

Ƙarfe tara aka tada inji. Ƙarfe goma Mushe Inuwa ya tsuguna gaban faranti, ya sa yatsa ya rubuta huɗu bisa ashirin.

"Haba Baba, ko rabi ba ka ba ni?"

"Huɗun ma na tsabtar aiki ne."

Yalwa ta leƙo tana tari. Lurwanu ɗanta na fari ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba. "Ku gaya ma mai katakon nan tuwo na jiran shi, in bai ƙoshi da ƙura ba."

Daga sha ɗaya zuwa azahar Lurwanu yana gindin itacen bedi da littafin zanensa, yana ja yana gogewa. Ƙarfe biyu da 'yan mintoci guguwa ta taso daga filin bayan gida. Yalwa ta yi a'uzubillahi ta rufe ƙwarya. Shi kuwa ya fita da gudu ba takalmi, ya bi ta har ta mutu wajen rijiya. Ya dawo da yayi a gashinsa.

"Baba, na gane. Guguwa ba ta shan iska ta tsaka, ta gefe taka sha, shi ka sa ta juyawa. Mai nauyi duk waje taka jefa shi. Bakin da Gogo ta yi miƙaƙƙe ne, iska na shiga tana ficewa da kayanta. Sai an karkata shi ya bi jikin randa."

Mushe Inuwa ya karanta wannan a jami'ar Dakar, da haruffa da alamomi. Bai taɓa tunanin ya bi guguwa ya duba ba.

Ƙarfe huɗu, bayan la'asar, suka tafi unguwar magina tare, don uban ma yana son ya ji yadda za ta kaya. Gogo ta saurari bayanin tana murza yumɓu.

"Kai mijin banza, iska kaka so ka kulle cikin randa? Kakannina awaki sunka yanka mata, ba su kama ta ba."

"Ba kama ta za ni yi ba, uwargida. Sauke mata kaya za ni yi ta wuce."

"Da baki karkatacce? Wa ka ganin wanga shi ce ni na gina?"

"Sai in ce kin tsufa, ido ya tafi."

Ta jefe shi da curin yumɓu, sannan ta karɓi kara ta gwada faɗin tiyon, ta karya daidai, ta soke a jinkar rumfa.

Ƙarfe shida, suna hanyar gida, Lurwanu ya ce kansa na sara, rana ce ta buge shi wajen bin guguwa. Litinin wuyansa ya ƙage. Aka kai shi likita, aka ce sanƙarau ne, wanda ya ɗauki mutane da yawa a bazarar nan. Alhamis da hantsi ya cika.

Bayan sadakar arba'in aka raba kayansa. Riguna sun tafi ga 'ya'yan baffanninsa a Tamaske, littattafai ga lakwal ɗinsu, keke ga ladanin unguwa. Shagon ne Mushe Inuwa ya kasa buɗewa. Sharaɗin da ya gindaya yana nan ba a warware ba, azumi kuma saura mako biyu.

Sai ga Gogo wata safiya da jaki, randa naɗe cikin tabarma.

"Mushe, abin da an ka ba ni ginawa ba ni barin shi ɗanye, ko mai shi na nan ko ba shi nan. Ga ta. Baki karkatacce, kamar yadda ya so."

Kwana biyu ya yi yana bin zanen. Hannunsa na alli ne, sai ya kira Mamman meniziye, kafinta abokin Lurwanu. Suka ɗora randa kan tano, suka ɗaure mahaɗar da shambur, robar cikin tayar keke, don kada iska ta sato. Yalwa da kanta ta wanke farantin ta ajiye, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shiga ɗaki.

Mamman ya tada inji ya riƙa goge katako. Mushe Inuwa ya kara kunne a jikin randar. Ya ji ƙura na zagayawa, shuu, tana gangarawa ƙasa, kamar gero cikin faifai. Ya daɗe a haka, har sai da Mamman ya nuna masa agogo.

Ya tsuguna gaban faranti ya ja yatsa. Ya karkata shi ga rana ya sake ja. Babu abin da ya fito. Da suka buɗe tanon, sai ga ƙura ta kwanta a gindinsa, kaurin yatsa uku, tsakiyarta ta yi tudu.

Yalwa ta ce, "Nawa ka ba shi?"

"Goma sha tara."

"Gudan fa?"

"Bai sa kwanan wata ga zanen ba."

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Shagon bai bar gidan ba. An ba Mamman mabuɗi ɗaya, yana zuwa ran Lahadi. Ƙurar da tano ya tara ana kai wa Gogo, tana haɗawa da kashin shanu wajen gasa tukwane. Randar farko mai miƙaƙƙen baki Yalwa ta toshe hujinta ta shuka na'ana'a a ciki. Littafin zanen yana cikin akwatin Mushe Inuwa, ya sa masa kwanan watan da fensir. Faranti ya koma madafa.